BORA DA MOWA A ƘASAR AMURKA

 Na san da yawanku da kun ga kan wannan rubutu za ku ce to ita kuma me ya kai ta Amurka, ita da muka saba da ita a labarin kishiya da uwar miji? Ku yi haƙuri ku biyo ni a sannu, har yanzu muna cikin gida, zancen bora da mowa ne, sai dai gidan ne ya yi girma.

Abin da ya ja wannan magana, ran nan ne a wurin sunan wata ƙawata, muna zaune a tsakar gida ana jiran a sauke tukunya, sai wata yarinya 'yar boko da wayarta a hannu ta kawo hirar Amurka. Ta ce, "Wallahi Anti baƙaƙen can ragwaye ne, ƙasar da aiki yake bin mutum har gida, amma su sai kiɗa da shaye-shaye da zaman banza." Wata dattijuwa daga gefe ta karɓe ta ce ai baƙi ko'ina baƙi ne. Aka yi dariya aka wuce. Ni kuwa na yi shiru saboda gidan mutane ne, kuma ranar farin ciki ce, amma abin ya tsaya mini a wuya har na dawo gida. Yarinyar nan fa baƙa ce wuluk, ta fi ni baƙi, ga ta nan tana maimaita zagin da aka ƙirƙira don a zagi masu irin fatarta, ta ɗauka wayewa ce.

To 'yar ƙanwata, ga amsar da ban ba ki ba ranar.

Gwamnatin Amurka duk wata tana fitar da lissafin marasa aikin yi. Kuma ki lura da kyau, wanda suke sakawa a lissafin shi ne mutumin da ya fita yana neman aikin bai samu ba. Rago da yake kwance a gida ba ya neman komai ba ya cikin wannan lissafi sam. To tun daga 1972 da suka fara ware na baƙar fata daban, abu ɗaya ake ta gani: in an samu farar fata huɗu cikin ɗari suna yawon neman aiki, to baƙaƙe za su kai wajen takwas. In farare sun kai biyar, baƙaƙe sun doshi goma. Ninki biyu, ko kusa da haka, shekara sama da hamsin, ko ƙasar tana cikin daɗi ko tana cikin wuya, ko wace jam'iyya ce take mulki. Wace irin ragwanta ce wannan mai tafiya da ma'auni, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa? Kuma wane irin rago ne yake sammako neman aiki?

Wata za ta ce ilimi ne ba su da shi. Wannan ma an duba. Baƙin da ya gama jami'a ya fi Baturen da ya gama jami'a daɗewa yana yawo da takardunsa. A 2004 wasu masana biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, suka wallafa sakamakon wata dabara da suka yi. Suka rubuta takardun neman aiki kusan 5,000 suka aika wa kamfanoni a biranen Boston da Shikago. Takardun iri ɗaya ne, karatu ɗaya, gogewa ɗaya, suna kawai suke canzawa. Wasu su sa musu sunan da aka san Turawa da shi, kamar Emily da Greg, wasu kuma sunan da aka san baƙaƙe da shi, kamar Lakisha da Jamal. Mai sunan Turawa in ya aika takarda goma sai a kira shi sau ɗaya, mai sunan baƙaƙe kuwa sai ya aika sha biyar. Babu wanda ya ga fuskar kowa fa, suna kawai aka gani. Kuma kin san sunan macen da aka fi yin watsi da takardarta a cikinsu? Aisha. Ke da aka raɗa miki wannan suna mai albarka, ki ji da kyau.

Na biyun ya fi wannan ciwo. Wata malama mai suna Devah Pager ta tura samari, farare da baƙaƙe, neman aiki a birnin Milwaukee, ta fitar da sakamakon a 2003. Wasunsu aka ce su rubuta a takarda cewa sun taɓa zaman gidan yari. Baturen da ya ce ya yi gidan yari, an kira shi kashi 17 cikin ɗari. Baƙin da bai taɓa ko taka bakin ofishin 'yan sanda ba, kashi 14. Tabɗijam! Wato tsohon fursuna ya fi shi daraja a idon mai ɗaukar aiki. In wannan ba bora da mowa ba ne to a gaya mini sunansa. Mu da muke zaman gida mun san yadda abin yake, ɗan mowa ya fasa tulu a ce tsautsayi ne, ɗan bora ya wuce ta kusa da tulun a ce shi ya girgiza shi.

Amma masu kamfani ba su ne na fi jin haushi ba, su dama son zuciyarsu a fili yake. Wanda ya sa na ɗauki biro shi ne babban mutumin da yake zaune can gefe da fararen kaya yana cewa shi hannunsa a wanke yake. Babban Bankin Amurka ke nan, wanda suke kira Federal Reserve.

Kada wata ta ce ina ruwan matar gida da babban banki. Duk wadda ta ga farkon 2023 a ƙasar nan, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, lokacin da mace za ta ga kuɗinta a waya amma ba ta da abin sayen kuka da daddawa, ta san cewa shawarar da aka yanke a ofis mai sanyi tana iya shigowa har gindin murhu. To na Amurka makaminsa kuɗin ruwa ne, Allah Ya tsare mu da riba. Wasu mutum goma sha biyu ne suke zama sau takwas a shekara su jefa ƙuri'a a kan yadda bashi zai yi tsada ko araha a ƙasar. In suka ga kaya suna tashi, sai su ɗaga kuɗin ruwa. Da an ɗaga, mai gina gidaje ya dakata, mai son sayen mota bashi ya fasa, mai masana'anta ya daina faɗaɗawa, daga nan sai a fara sallamar ma'aikata. Mutanen da aka sallama ba su da kuɗin sayayya, kaya su yi kwantai, farashi ya lafa. Wannan fa ba ɓoyayyen abu ba ne, haka maganin yake aiki, kuma su masu ba da shi sun sani. Ana sanyaya kasuwa ne da yunwar waɗansu. Abin tambaya kawai shi ne yunwar su wa.

Ki ɗauka layin famfo ne a unguwa lokacin bazara. Masu ƙarfi da 'ya'yan masu unguwa suna gaba, bokitin marainiya kullum yana can ƙarshe, in ma ta matso a ture ta baya. Ita ba ta da wata mafita sai in ruwan ya daɗe yana zuwa, na gaba su cika nasu su tafi, layi ya zo kanta. To sai ga mai riƙe da makullin famfo, duk ranar Allah da ya ga layi ya kusa zuwa kanta sai ya ce kai, kada tanki ya ƙafe, ya murɗe. In aka yi magana ya ce shi bai ware kowa ba, kowa ya rufe wa. Gaskiya ne kowa ya rufe wa. Amma yana da ido, ya ga waɗanda suka riga suka cika randa, ya ga mai tsaye da busasshen bokiti.

Baƙaƙen Amurka sun daɗe da gane wannan. Babban taron nan na birnin Washinton a watan Agustan 1963, wanda Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa, sunansa ma tattakin neman aiki da 'yanci ne, aikin aka fara ambata. Shi kansa King a birnin Memphis aka harbe shi a 1968, ya je goya wa masu kwashe shara baya ne a yajin aikin da suke yi. Ya bar matarsa Coretta da marayu huɗu. Wannan baiwar Allah ita nake so 'yan mata su sani. Da ta so da ta zauna a gida ana kawo mata gaisuwa da lambar yabo har ƙarshen rayuwarta, babu mai ganin laifinta. Sai ta ɗaura ɗamara, daga 1974 ta shiga jagorancin wani gangami na ƙungiyoyin ƙwadago da na addini da na kare haƙƙin baƙaƙe, buƙatarsu guda ɗaya: duk mai son aiki a ƙasar ya samu. Ta yi ta zirga-zirga majalisa, ta yi ta jan zanga-zanga. Wani ɗan majalisa baƙar fata daga jihar Kalifoniya, Augustus Hawkins, da Sanata Hubert Humphrey suka ɗauki ƙudurin. A watan Oktoban 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu ya zama doka. Kafin ta fito an zare mata haƙora da yawa, an cire wurin da ya ba mutum damar neman haƙƙinsa na aiki daga gwamnati, amma duk da haka ta ce a sauko da rashin aiki zuwa kashi 4 cikin shekara biyar, a rage tazarar da ke tsakanin tsiraru da sauran jama'a, kuma shugaban babban banki ya riƙa zuwa majalisa sau biyu a shekara yana bayani. Shekara guda kafin nan ma, a 1977, an riga an rubuta wa bankin a doka cewa aikinsa biyu ne, ya tsare farashi, ya kuma tabbatar mutane suna da aikin yi. Amana biyu aka ba shi, kamar mai mata biyu.

To ku ji adalcin da ya yi. Ko shekara ba a cika ba da sa hannun Carter, a watan Oktoban 1979, sabon shugaban bankin Paul Volcker ya juya akala gaba ɗaya wajen yaƙi da tsadar kaya. Tsadar kuwa ta yi muni, ba zan ɓoye ba, a 1980 ta haura kashi 14 cikin ɗari. Ya matse kuɗi har kuɗin ruwa ya kai wajen kashi 20. Magina suka riƙa aika masa guntayen katako ta gidan waya, dillalan motoci suna aika makullan motocin da suka kasa sayarwa, manoma suka zo da taraktoci suka kewaye ofishin. Masana'antu a garuruwa irin su Detroit, inda baƙaƙe suka yi ƙaura daga kudu tun zamanin kakanni suka samu aikin haɗa mota da narka ƙarfe, suka riƙa rufewa, wasu har abada. Ƙarshen 1982 rashin aiki a ƙasar ya kai kashi 10.8. Na farar fata ya tsaya a 9.7. Na baƙar fata a watan Janairun 1983 ya kai 21.2, wato duk mutum biyar masu son aiki ɗaya yana zaune. Matasansu kuwa 'yan ƙasa da shekara ashirin, kusan rabi. Kuma 1983 ɗin nan ita ce shekarar da dokar su Coretta ta yi alkawarin kashi 4.

Farashi ya sauka, wannan gaskiya ne, kuma har gobe ana kiran Volcker gwarzo a littattafan masana. Ni dai ina da tambaya. Tun daga shekarun 1950 har zuwa annobar korona a 2020, rashin aikin farar fata bai taɓa kai kashi 10 ba ko na wata ɗaya, da ya doshi wurin sai ƙasa ta ɗau kuka a ce masifa ta sauka. Na baƙar fata kuwa duk tsawon shekarun 1980 bai taɓa saukowa ƙasa da 10 ba, kuma a ƙarshen shekarun nan ana ta murna wai arziki ya dawo. Zazzaɓin da in ya kama ɗan mowa ake fita da shi asibiti cikin dare, shi ɗan bora yake kwana da shi shekara goma ana cewa lafiyarsa ƙalau.

Na san abin da uwargida za ta ce, don ni ma shi nake faɗa wa kaina. Za ta ce ke malama, ai tsadar kaya ita ma talaka take ci, mu da muke auna shinkafa da gwangwani mun fi kowa sani. Ƙwarai kuwa. Ba mahaukaciyar da za ta ce a bar farashi ya yi ta hawa, kuma in gobara ta tashi dole a kashe. Amma ki tambayi duk matar da mijinta ya taɓa rasa aiki, tsakanin cefanen da ya ragu da cefanen da babu shi gaba ɗaya, wanne ya fi. Tsada tana rabuwa a kan kowa, mai kuɗi ma yana taɓa nasa rabon. Korar aiki kuwa gida-gida take zaɓa, ta faɗa kan mutum ɗaya da nauyinta duka. Kuma gidan da take zaɓa shi ne wanda ba shi da tudun dafawa. Binciken da shi kansa babban bankin ya yi a 2022 ya nuna matsakaicin gidan farar fata yana da dukiyar da ta kai dala 285,000, na baƙar fata kuwa 44,900. Ɗaya in aiki ya tafi yana da abin da zai taɓa, ɗayan wata uku ya isa mai gidan haya ya watso masa kaya waje.

Abin da ma ya fi ba ni haushi, sau da yawa ba gobarar ake kashewa ba, tsoronta kawai ake yi. Bayan rugujewar bankuna ta 2008, rashin aikin baƙaƙe ya kai kashi 16.8 a watan Maris na 2010. Aka yi ta rarrafe ana farfaɗowa. A watan Disambar 2015, farashi yana kwance lafiya, bai ko kai kashi 2 da bankin ya sa wa kansa a matsayin ma'auni ba, sai suka fara ɗaga kuɗin ruwa, wai kada ma'aikata su yi ƙaranci albashi ya tashi. A lokacin na farare ya sauko ƙasa da kashi 5, na baƙaƙe yana sama da 8. Layi bai zo kan marainiya ba an kai hannu kan makulli. Kuma kada mu ce aikin maza ne, mace ce a kujerar lokacin, Janet Yellen. Da aka zo 2019 rashin aiki a ƙasar ya sauko har kashi 3.5, ƙasa da inda masanan suka ce in an wuce sai farashi ya haukace, amma farashi ko gezau. A lokacin ne baƙaƙe suka ga kashi 5 da ɗoriya, abin da ba a taɓa gani ba. Kamfanonin da jiya suke jefar da takardar Aisha, da suka rasa ma'aikata sai ga su suna kiranta, har tsofaffin fursunoni ana koya musu sana'a. Ina ragwantar ta tafi? An bar famfon a buɗe ne kawai na ɗan lokaci. A watan Agustan 2020 shugaban bankin na lokacin, Jerome Powell, ya fito ya amsa cewa ashe ana iya samun aiki a wadace ba tare da farashi ya tashi ba, suka sauya rubutacciyar manufarsu suka ce samar da aiki dole ya game kowa. Madalla. Amma wa zai biya matar da aurenta ya mutu, da yaron da ya bar makaranta, a shekarun da ake gudun inuwa?

Kullum amsarsu ita ce makaminsu ba shi da ido, ba za su iya yi wa baƙi kuɗin ruwa daban fari daban ba, gyaran wariya aikin majalisa ne da kotu. Na yarda da rabin maganar. Banki ba zai shiga zuciyar manaja ya cire masa ƙiyayya ba. Amma shi yake zaɓar ranar da za a rufe famfo, shi yake zaɓar lissafin da zai duba kafin ya ce ƙasa ta ƙoshi. In ya dubi jimillar ƙasa kaɗai, to muryar mutanen da ba su wuce kashi 13 ko 14 na jama'a ba ta nitse a ciki. Maigidan da ya leƙa ɗakin mowa ya ga an ci an bar saura, ya fito ya ce gidana kowa ya ƙoshi, mun san hukuncinsa a wurin malamai.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to su wa ke zama a teburin? An kafa bankin nan a 1913. Baƙar fata bai shiga cikin gwamnoninsa ba sai 1966, Andrew Brimmer. Bankin yana da rassa goma sha biyu, babu wanda baƙi ya shugabanta sai 2017 da aka naɗa Raphael Bostic a Atlanta. Mace baƙa kuwa sai 2022, Lisa Cook, bayan shekara 109. Ban ce kowane Bature mugu ne ba, ban kuma ce baƙi in ya hau kujera waliyyi ne ba, mu nan mun ga namu. Sai dai mutumin da babu ko ɗaya a danginsa da sallamar za ta taɓa, kashi 1 ko 2 a wurinsa tawada ce a kan takarda.

Don kada a ce na ɓoye alheri, da tsada ta dawo a 2022 har ta kai kashi 9.1 a watan Yuni, bankin ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5 cikin shekara ɗaya da 'yan watanni, kuma wannan karon ba a ga irin ɓarnar 1982 ba. A watan Afrilun 2023 ma rashin aikin baƙaƙe ya sauko ƙasa da kashi 5, mafi ƙanƙanta a tarihi. Har na fara cewa ko an ji kukan Coretta. Sai dai kuɗin ruwan ya daɗe a sama, kamfanoni suka rage ɗaukar sababbi, ga kuma rage ma'aikatan gwamnatin tarayya da aka yi a 2025, inda nan ne baƙaƙe, musamman matansu, suka daɗe suna samun mafaka. Wannan na ƙarshen ba laifin banki ba ne, na faɗa. Amma lissafin watan Agustan 2025 ya fito, farare kashi 3.7, baƙaƙe 7.5. Ke 'yar ƙanwata mai waya, ke kika yi boko mai zurfi, ɗauki 3.7 ki ninka ta biyu ki gaya wa dattijuwar nan ta wurin suna abin da kika samu.